Gorar Kanwar Malam Bilyamin

Shafi na 23

Hantsi ya ɗaga amma rana ba ta da ƙarfi. Hadari ya tokare gabas tun asuba, iska mai sanyi tana tasowa daga kogi da warin laka. Ruwan ya yi ja, ya kuma ƙaru, har ya fara lasar ƙafafun babur ɗin Malam Bilyamin, wato injin ban ruwan gonarsa da ke girke a ƙasan gaɓa.

Yau ce ranar nafir, gayyar jawo babur.

Duk shekara in kogi ya fara cika, maza kan taru su ɗaure injin su jawo shi tudu kafin ruwa ya ci shi. A garinmu mai injin shi ke riƙe kan igiya, shi ke gaba, shi ke ba da murya. Mutum ba ya sakin kan igiyarsa sai ranar da ya ga dama ya nuna wa gari wanda ya amince ya gaje shi.

A saman gaɓa, ƙarƙashin gawo, Ramatu matar Malam Bilyamin da autarsu Raihana suna jera kwanukan abincin masu aiki, ful, wato dafaffen wake, da shatta mai yaji. Kusa da su ga igiyar nan an naɗe ta. Ga kuma Alhaji Maliki, wan Malam Bilyamin, ya miƙe ƙafa a tabarma yana lasar yatsu.

Raihana ba kwano take kallo ba. Hanyar gaɓa take kallo.

Babanta ne ke hawowa ɗaukar igiya. Ya yi taku kaɗan ya tsaya. Ya sake takawa. Sai ya dunƙule hannu ya dafe tsakiyar ƙirji, ya yi kamar yana gyara aljihun jallabiya.

Da ƙyar ya iso. Ya zube a gindin gawo, goshinsa duk zufa a wannan sanyin. Ya laluba aljihu ɗaya, ya laluba ɗayan.

"Yaya, ina gorata?"

Alhaji Maliki ya ɗago gorar robar da ake jiƙa kanwa a ciki, ya girgiza. Ko ɗigo babu.

"Ka shanye?"

"Ƙwannafina ya taso, ɗan'uwa. Ɗan ful ɗin nan na taɓa."

Ramatu ta ce, "Taɓawa, Yaya? Rabin kwanon masu aiki, da shattar gaba ɗaya?"

"Ɗanɗanon gishiri na yi muku."

Malam Bilyamin bai yi dariya ba. Muryarsa ta fito ƙasa ƙasa.

"Ramatu, jiƙa mini wata."

"Kanwa tana gida, Malam."

"Raihana, ruga."

Raihana ba ta ruga ba. Ta durƙusa gabansa, ta ɓalle masa maɓallin wuya, ta ja matashin Alhaji ta sa masa a baya.

"Jingina, Baba. Kar ka yi magana."

"Na ce ki..."

"Na ji. Jingina tukuna."

Ba shi da ƙarfin gardama, sai ya jingina. Ta cire murfin kwano tana yi masa fifita. Ramatu ta tsaya da ludayi a hannu, ta manta abin da za ta yi da shi. Daga ƙasa ana jin maza suna kwance bututu suna tsokanar juna.



A hankali numfashinsa ya daidaita. Hannun da ke dunƙule ya saki, ya sauka kan gwiwa. Ya buɗe ido ya share goshi da gefen rawani.

Raihana ta ce, "Baba, ya sake ka?"

"Alhamdu lillahi. Ya lafa."

"Gaba ɗaya?"

"Kamar ba a yi ba. Ai na faɗa muku ƙwannafi ne."

"To me ka sha?"

Ya gyara rawaninsa.

"Me ka sha, Baba?"

Ya dubi gorar da ke hannun wansa. Alhaji ma ya dube ta, ya juya bakinta ƙasa.

"Ba ka sha komai ba," in ji Raihana. "Zama ka yi. Kullum in ya kama ka, sai ka zauna ka buɗe gora, ka sha, ka jira. Sai ya tafi, sai ka ce kanwa ta yi aiki. Ba kanwa ba ce. Zaman ne."

"Ke, yaushe kinka zama daktor?"

"Ban zama ba. Amma ni na yi jinyar Inna Hindu, uwar mijina, a asibitin Sinja. Ina tsaye daktor ya yi mata tambayoyi. Ita ma da gorar kanwarta ta je."

Ta juya wajen Alhaji.

"Baffa, kai da Baba kun ce ciwonku ɗaya."

"Ɗaya ne mana. Gadon gida ne. Gora ɗaya muke sha."

"Tayyib. Nuna mini naka."

Alhaji ya gyara zama. In dai labarin ƙwannafinsa ne, zai iya kaiwa la'asar yana yi. Ya ɗora yatsa ɗaya a saman ciki ya ja shi sama har maƙoshi.

"Daga nan shika tashi, kamar an zuba garwashi. Shi hau, shi hau, har in ji tsami a baki."

"Yaushe?"

"In na ci ful da shatta. In na sha jabana, gahawar nan mai ɗaci, cikina wayam. In na kwanta da ƙoshi, to ranar babu barci. Wani lokaci ma ina ruku'u sai in ji shi ya taho."

"In ka hau gaɓa fa?"

"Gaɓa? Mi ya haɗa gaɓa da ciki? Tafiya ma daɗinta nike ji, abinci shi faɗa."

"In ka sha kanwa?"

Alhaji bai amsa da baki ba. Wata gyatsa ce ta kuɓuce masa, doguwa, har jakin da ke ɗaure ya ɗaga kunne.

"Kin ji amsa," ya ce.

Ramatu ta rufe baki da mayafi.

Raihana ta juyo wajen babanta. Muryarta ta yi laushi.

"Baba, kai ka taɓa yin gyatsa ya tafi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka taɓa jin tsami?"

"Raihana, mutane suna jirana."

"Nuna mini naka, yadda Baffa ya nuna."

"Ba ni nunawa."

"Ka riga ka nuna. Baffa da yatsa ɗaya ya nuna. Kai duk lokacin da ya zo, hannu kake dunƙulewa. Inna Hindu haka take yi. Daktor ya tambaye ta ko zafi ne, ta ce a'a, nauyi ne, kamar an ɗora mata buhun dawa."

Malam Bilyamin ya kawar da kai wajen kogi.

Sai Ramatu ta ajiye ludayi.

Masu karatu, ku da kuke tare da mu tun farko kun san Ramatu ba ta ɗaga murya gaban mijinta. Yau ma ba ta ɗaga ba. A hankali ta yi maganar.

"Malam, ka yafe mini. Zan faɗa."

"Ramatu!"

"Da azumi ya kama shi a wannan hanyar. Baki a rufe, ba halin shan kanwa. Ya zauna, ya tafi da kansa. Ina gani."

"Na ce ki yi shiru."

"Masallacin Juma'a da ke kan tudu, ya daina zuwa da ƙafa. Ya ce wai jaki yana son motsa jiki."

Alhaji ya ce, "To ni na yi mamaki."

"Sai haƙori," in ji Ramatu.

Raihana ta ce, "Wane haƙori, Inna?"

"Ranar kasuwar Abu Hujar, da ya dawo da tsumma a baki ya ce muku ƙashi ya tauna. Ba ƙashi ba ne. Ciwon in ya zo yana hawa masa haɓa, ya sauka hannun hagu. Sai ya ce haƙori ne ke ja. Ya je wajen mai cire haƙori a kasuwa. Mutumin ya ce haƙorin lafiyarsa lau. Malam ya ce a cire. Aka cire." Ta share ido. "Kashegari ya hau gaɓa, ciwon ya dawo wurin da babu haƙorin."

Alhaji Maliki ya ajiye gorar a hankali.

Raihana ta ciro waya. Ta miƙe tana ɗaga ta sama har ta samu layi, ta kira Muhannad, jami'in lafiyar da ke duba mutanen yankinmu. Ta buɗe murya kowa ya ji. Ta faɗa masa duka, rabi Hausa rabi Larabci, ba ta rage ko haƙorin ba.

Muhannad ya ce, "Baffa Bilyamin, kana ji na?"

"Ina jin ka, ɗana."

"Ni ba zan yanke hukunci ta waya ba. Wani lokaci ƙwannafi da ciwon zuciya suna kama da juna, har mu sai mun auna. Amma ciwon da ke zuwa da hawa, ya tafi da hutawa, ya taɓa haɓa da hannu, ga zufa, mu zabha, wato ciwon zuciya, muke ɗaukarsa har sai awo ya ce ba ita ba ce. Zuciya ce ke neman jini, hanyar ta ƙuntata."

"To a ba ni ƙwaya."

"Akwai magani, kuma yana aiki. Mutane suna shekaru da shi suna noma. Amma sai an yi maka awon zuciya a Sinja. Yau, ba gobe ba. Kafin nan kar ka ɗaga ko buta. In kuma ya zo kana zaune, ko ya ƙi tafiya, kar a tsaya jiƙa komai, a sa ka a mota."

Alhaji ya matso da baki kusa da waya.

"Ni fa, daktor?"

"Wa ke nan? Alhaji Maliki? Kai ka rabu da shatta, ka rage kanwar nan, ka zo in duba ka."

"Layin ba shi da kyau," in ji Alhaji, ya koma tabarmarsa.

Raihana ta kashe waya.

Malam Bilyamin ya dafa gawo ya miƙe. Ya kakkaɓe jallabiya.

"Na ji. Zan tahi Sinja."

Ramatu ta ce, "Alhamdu lillahi."

"Bayan an jawo babur."

Ya nufi igiya.

Raihana ta riga shi. Ta zauna daram a kan naɗin igiyar, ta tattara tobinta, babban mayafin nan, ta rungume gwiwa.

Ramatu ta dafe kai. Mace a kan igiyar nafir, ba a taɓa gani ba.

"Tashi."

"Ba zan tashi ba, Baba."

"Raihana, ni kike wa haka?"

"Ka doke ni in ka ga dama. Hawa kawai ka yi da hannu wofi, ka ga yadda ka zama. Yanzu ka ce za ka ja ƙarfe daga bakin ruwa har nan?"

"Tun kafin a haife ki nike riƙe da kan igiyar ga. Kina so mutane su ce Bilyamin ya ƙare?"

"Ina so su ce Bilyamin yana nan."

Daga ƙasa wani ya ƙwala kira.

"Malam! Ruwa fa ba ya jira! A kawo igiya!"

Malam Bilyamin ya sunkuya zai kama bakin igiyar ta gefenta.

"Bilya."

Alhaji ne. Rabon da ya kira shi da wannan sunan tun suna yara. Babu wasa a fuskarsa.

"Zauna in tambaye ka. Ka tuna ranar da Baba ya rasu?"

"Ina ƙarami. An ce faɗuwa ya yi."

"Nan ya faɗi. Ga wurin can, inda ka tsaya ɗazu. Ranar nafir. Shina riƙe da kan igiya, sai ya saki, ya dunƙule hannu haka." Alhaji ya dunƙule nasa ya ɗora a ƙirji. "Kowa ya ce ƙwannafinsa ne. Ni anka aika gida ɗauko kanwa. Na yi gudu, Bilya. Wallahi na yi gudu. Na dawo da ƙwarya a hannu, na tarar an rufe shi da rawaninsa."

Alhaji ya ci gaba.

"Shekara da shekaru ina cewa da na ƙara sauri. Sai yau ɗiyar ga ta sa na gane ko tashi sama na yi, kanwa ba ta yi masa komai." Ya ja numfashi. "Ba ni sake ɗauko wa kowa kanwa a gaɓar ga. Ka ji ni?"

Malam Bilyamin ya daɗe a sunkuye. Hannunsa yana kan igiya, hannun Raihana yana kan nasa.

Sannan ya miƙe a hankali.

"Tashi, auta. Ba ja zan yi ba."

Ta dubi idonsa sosai kafin ta tashi.

Ya taka zuwa bakin gaɓa, taku kaɗan ne, ya ɗaga hannu. Alhaji ya ƙwala kiran a madadinsa.

"Nasir! Hawo!"

Nasir, mijin Raihana, ya hawo da gudu, laka har gwiwa. Mazan suka biyo shi su ga abin da ya tsayar da aiki. Suka yi cirko-cirko.

Malam Bilyamin ya ɗauki kan igiya, ya kama hannun Nasir, ya naɗa masa shi a tafin hannu kamar yadda ake yi.

"Daga yau kai ne gaba."

Nasir ya dubi igiyar a hannunsa. "Baba, ni? Ai ni baƙo ne, ɗan Madani..."

"Na ga yadda kake kwance bututu. Riƙe."

Wani dattijo ya ce, "Ma sha Allah! Malam ya nuna magaji!"

Aka ɗau kabbara. Babu wanda ya tambayi dalili.

Suka sauka suka ɗaure babur. Malam Bilyamin ya koma gindin gawo ya zauna. Ya ɗauki gorar nan da babu komai ciki, ya buga ta a saiwar gawo. Ƙwas. Alhaji ya tsaya bakin gaɓa, yana jin bugun sai ya saki murya.

"Ku yi salati!"

"Sallallahu alaihi!"

Igiya ta miƙe.

Ƙwas.

"Kogi na tahe!"

"Mun riga shi!"

Babur ya motsa, ya fito daga laka da wani irin ƙara. Ya hau, ya tsaya, ya zame baya kaɗan. Raihana ta ga yatsun babanta suna motsi, suna neman igiyar da babu. Ta matso ta zauna kusa da shi.

Ƙwas.

"Nasir, kafa ƙafa! Ja!"

Sai ga babur ya haye, baƙi, yana ɗigar da ruwa, ya dire a tudu. Ramatu ta rangaɗa guɗa irin wadda ba ta yi ba tun bikin Raihana. Maza suka ɗaga Nasir sama yana roƙon su sauke shi.

Malam Bilyamin yana zaune, numfashinsa lafiya lau, goshinsa a bushe. Ya dubi babur, ya dubi 'yarsa.

"Ya hau babu ni," ya ce.

"Da muryarka ya hau, Baba."

"Da gora dai."

Ta yi dariya har da hawaye.

Ana zuba abinci sai ga motar da Raihana ta kira, ƙaramar a-kori-kura mai zuwa Sinja, ta tsaya bayan gawo. Mutane suka ɗago daga kwanuka. Mai nafir ba ya barin baƙinsa suna ci ya tafi, kowa ya san haka.

"Lafiya? Wa za a ɗauka?"

"Malam, ina zuwa kuma?"

Malam Bilyamin ya tsaya cak tsakanin tabarma da mota. Raihana ta ga fuskarsa ta ɗaure. Ta ga ƙafarsa ta fara juyawa baya.

Sai aka ji nishi.

"Wayyo cikina! Wayyo ƙwannafi!"

Alhaji Maliki ne ya dafe ciki ya tanƙware, yana tangaɗi wajen mota.

"Shattar Ramatu ta kashe ni! Bilyamin, in kai ɗan'uwana ne ka raka ni asibiti. Ba ni zuwa Sinja ni kaɗai, allura nike tsoro!"

Wurin ya kece da dariya.

"Alhaji, ai mun ga kwanon!"

"Ku kai shi, Malam, kar ya mutu mana a kan ful!"

"A ce wa daktor ya ɗinke bakin!"

Alhaji ya haye gaban mota yana ta nishi. Malam Bilyamin ya girgiza kai kamar wanda aka ɗora wa wahala, ya ce wa Nasir ya kula da baƙi, ya shiga kusa da wansa. Raihana ta hau baya.

Mota ta tashi. Suna shan kwana, gawo ya ɓace, Alhaji ya daina nishi ya miƙe zaune. Ya zare matashin da ya ɓoyo a hammata ya cusa shi bayan ƙaninsa.

Malam Bilyamin bai dube shi ba.

"Matsa," ya ce. "Ka cika wuri."